Ƙofar da Baba Ya Auna

Lokacin da ginina na Sabon Gari ya kusa kaiwa linta, babu abin da ni da matata muka fi tattaunawa a kai kamar wani ɗan ɗaki da ke gefen gidan, wanda ba na kwana ba ne, ba kuma na baƙi ba. Ita ta nemi a yi shi. Ta gaji da wanki a tsakar gidan haya, inda ruwan kumfarta ke bi ta ƙofar maƙwabciya ya jawo magana. Tana son ɗaki mai famfo da magudanar ruwa a ƙasa, a sa injin wanki a kusurwa ɗaya, firiza a ɗaya, sauran wurin a jibge tarkace. Ta ce ko me zan yi, kada ƙofar ta gaza ƙafa uku, domin ta je gidan yayarta ta auna firizarsu da ɗankwali. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai gidana ne, yadda na ce haka za a yi.

A Indabo aka haife ni, aikin ofis a jami'a ne ya zaunar da ni Wudil. Mahaifina manomi ne, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu yake zaune da ƙanena a can gida. Duk Juma'a sai ya shigo gari, ya leƙa kara, kasuwar dabbobi, ko ba shi da abin saye ko na sayarwa, ya yi salla, sannan ya biyo ta wurin ginin. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in da wasu yake magana ya ce "wancan". Yana zagaya ginin hannu a baya, ya ƙwanƙwasa bulo, ya murza yashi a tafin hannunsa, ya ce na kogi ne mai kyau. Bai taɓa cewa na yi ƙoƙari ba, amma ƙanena ya ce babu wanda bai san labarin ginin ba a majalisarsu.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya same mu ni da magini tsaye a bakin ɗakin nan. Suka gaisa da maginin, tun daga gajiya har iyali da labarin ruwan sama a ƙauye, kamar sun shekara ba su haɗu ba. Sannan Baba ya nuna gibin da aka bari a bango.

"Nan shago za a buɗe?"

"A'a, Baba," in ji maginin. "Sito ne, kuma nan za a riƙa wanki."

"Sito? To ina aka taɓa yi wa sito baki haka? Nan ne fa zan riƙa turo masa hatsinsa. Kowa ya gifta ya ga abin da ke ciki, ya ƙirga buhu, ya san ranar da ya ƙare. Ɗakin abinci sirrin gida ne. Ɓarawo ma in ya shigo, wannan ai sai ya fita da buhu a ka ba tare da ya sunkuya ba."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗora gwiwar hannu a kan bulo, ya miƙar da damtsen har ƙarshen yatsu, ya ƙara da buɗa yatsunsa sau ɗaya. Ya ce kamu ɗaya da taƙi, haka ƙofar ɗakin hatsin kakana take, kuma babu buhun da ya taɓa ƙin shiga. Maginin ya dube ni, leburori suka dube ni, ni kuwa na dubi takalmina. Wanda ya tashi inda na tashi ya san ɗa ba ya warware maganar ubansa a gaban mutane, balle a gaban 'yan aiki. Na ce, "To, Baba."

Da yamma na kira maginin a waya na ce ya bar ƙofar yadda take, tsoho ya koma ƙauye, sai wata Juma'ar. Na yi barci ina ganin na yi dabara. Da safe na iso wurin ginin na tarar da Baba zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, wai ya kwana gidan wani abokinsa saboda hadari. Yana nan zaune aka jera bulon da ya matse ƙofar, yana nan aka kafa katako aka zuba linta. Maginin ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, idonsa a kaina yake." Da aka je wajen mai walda, ƙofar da ta dace da wurin irin ta banɗaki ce, firam ɗinta kuma ya ƙara cinye abin da ya rage.

Ba na son tuna ranar da muka tare. Injin wanki ya shiga da ƙyar bayan an kwance ƙyauren, ya bar fentinsa a jikin firam. Firiza kuwa ko kusa. Aka juya ta ta kowace fuska, aka kwantar, aka tayar, ta ƙi. A lungun kicin ta ƙare, inda kowa ke buga gwiwa da ita har yau. Matata ta cire ɗankwalin da ta yi awo da shi daga jaka, ta ninke, ta mayar, ta wuce. Na fi son a ce faɗa ta yi. Shekaru bayan nan, duk lokacin da na shiga ɗakin da bokiti a hannu na karkace kamar mai shiga motar haya, sai na ji haushi ya taso mini, kuma babu wanda zan sauke wa shi. Sau da yawa na ƙudura zan sa a fasa ƙofar, sai in tuna Juma'a na zuwa.

A tsakiyar wata damina ƙanena ya kira ni, ya ce Baba ya faɗi a gona. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana cewa ba shi da shi. Ya yi kwanaki a asibiti, maganarsa ta dawo a hankali, amma ɓarin jikinsa na hagu bai dawo ba. Likita ya ce a riƙa kawo shi gashin ƙashi, kuma kai da kawo daga Indabo a wannan hali wahala ce, don haka ya zauna a wurina. Muka gyara masa ɗakin baƙi da ke kusa da ƙofar gida. Na sayo keken marasa lafiya. Ya dube shi ya ce, "Wannan baron fa?" Da wannan sunan yake kiransa, kuma ya ce aro ne ya yi, zai mayar mini da abina.

Matsalar wanka ce ta fara tasowa. Banɗakin ɗakin baƙi ƙarami ne, mutum ɗaya ma da dabara yake juyawa a ciki, balle mu biyu da kujera. Babban banɗaki mai fili da ƙofa mai faɗi yana can ciki, ɓangaren matata. Ita da kanta ta ce za ta riƙa shiga maƙwabta duk safiya har a gama. Na je na gaya masa.

"In ratsa ɗakin surukata in tuɓe?" ya ce. "Hankalinka ɗaya kuwa?"

Tun da muka tare bai taɓa wuce falon waje ba. Ko gaisuwa, daga bakin ƙofa take durƙusawa, ya amsa yana duban bango. Ban sake tayar da maganar ba. Na ce to a tsakar gida, in kafa zana. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna benen da aka gina a bayanmu, inda ɗalibai ke haya, tagoginsu duk suna kallon cikin gidana. Wuri ɗaya ya rage mai famfo da magudana da sirri, ɗakin wanki.

Da safe na tura keken har bakin ƙofar. Tayoyin suka daki firam hagu da dama. Na ja baya, na karkata, na sake gwadawa. Abin da ya hana bai fi faɗin tafin hannu ba. Baba yana zaune a ciki yana kallon ƙofar, ni ina tsaye a bayansa, kuma na gode wa Allah da ba ma ganin fuskar juna. Babu wanda ya ce komai a kan wanda ya auna ta, a ranar ko bayanta.

Daga nan ɗaukarsa na koma yi. In tsayar da keken a waje, in sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, in ɗaga, in juya gefe, in kutsa da kafaɗa. Ni ba ƙaƙƙarfa ba ne, zaman ofis ya ba ni tumbi ya karɓe ƙarfin, shi kuwa ƙashin manomi gare shi, rama ba ta rage masa nauyi ba. Hannunsa na hagu yana lilo, in ban lura ba ya daki ƙarfe, kuma ba ya ji, sai daga baya in ga wurin ya ƙuje. Ƙafar ma takan maƙale, sai na ja da baya na sake shiri. A ciki in ajiye shi kan kujerar roba tsakanin injin wanki da bango. Da gajeren wandonsa yake zama. In cuɗa masa baya da ɓarin da ya mutu, sannan in miƙa masa soso in juya in fuskanci bango har ya gama sauran. Fitowa ta fi shiga wuya, saboda jiki ya jiƙe yana santsi.

Duk lokacin da na ɗaga shi, rufe ido yake yi. In na sauke shi ya ce, "Sannu." Mutumin da ya saɓa ni a kafaɗa ya ratsa ruwa da ni ina yaro, wanda bai taɓa gode mini don komai ba saboda ba a yi haka ba, yanzu kullum sai ya yi mini sannu. Na tsani wannan kalma a bakinsa. Na fi son ya ce ban iya riƙo ba, ko ruwan ya yi sanyi.

Na kira maginin a ɓoye ya duba. Ya ce aikin yini ɗaya ne, a tokare lintar, a fasa gefe ɗaya, a zuba wata, a sa sabuwar ƙofa. Amma ɗakin Baba yana manne da wurin, ba yadda za a yi guduma ta sauka bai ji ba. Na zaɓi wata yamma da ya ci abinci sosai, na zauna a ƙasa kusa da gadonsa, na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen firiza da ta tare kicin.

"Firizar da ta shekara da shekaru a wurin, yanzu ta fara damunku?"

Na ce kuma keken ma zai riƙa shiga.

Ya ce, "Ciwon kwana nawa ne da za a fasa gini saboda shi? Ai kafin a yanke dawa na miƙe. Da ƙafata zan shiga." Ya juyo ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. "Ko likitan ya gaya maka abin da bai gaya mini ba?"

Likitan bai ce ba zai tashi ba. Ya dai ce a shekarun Baba abin yakan yi wuya, a ci gaba da gashi da addu'a, ya faɗa yana rufe fayil. Na san ma'anar wannan, kowa ya sani. Amma na dubi tsohon nan da yake kwana yana matsa ƙwallon roba a hannun da ba ya jin komai, na ce, "A'a, Baba, bai ce komai ba." Ya ce to a bar ƙofa. Na fito na tsaya a tsakar gida na rasa abin yi. In na fasa ƙofar, na gaya masa ba zai ƙara takawa ba. In ban fasa ba, gobe da safe in sake kutsawa da shi kamar kayan da aka sayo ba a auna ba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na ji haushin kaina da nake jin haushin mara lafiya.

Haka damina ta ƙare. Muna zuwa gashi, muna dawowa. Yakan ce yau ya ji babban yatsan ƙafar ya motsa, in tsuguna in duba, in ce lallai kam. Abokansa na ƙauye suna zuwa ranar Juma'a, ya sa a ɓoye keken a bayan ƙyaure kafin su shigo, ya zauna a jingine da bango yana ba su labarin yadda jiki ke ta sauƙi. Aka yanke dawa. Ƙanena ya kawo buhuna a a-kori-kura, Baba ya sa aka kwance ɗaya a gabansa, ya nutsa hannun dama a ciki, ya ɗebo, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce an yi gaggawar yanka. Aka shigar da su ɗakin wanki ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, suka shige lafiya lau. Ya kalli shigarsu har na ƙarshe, ya ce a mayar da shi ɗaki.

Bayana ya daɗe yana yi mini gargaɗi. Matata ta ce in nemo wanda zai riƙa taya ni, na ce Baba ba zai yarda baƙo ya gan shi a tuɓe ba, kuma gaskiya ce. Ƙanena ba zai bar gona da iyali ya tare a Wudil ba. Na sayi man shafawa na ci gaba.

Wata safiya, yara sun tafi makaranta, na gama yi masa wanka, na ɗauko shi za mu fito. Ina tsakiyar ƙofar, kafaɗata ɗaya a waje, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna. Ban taɓa jin ciwo irin wannan ba. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ban yar da shi ba, wannan kaɗai na iya. Na jingina da firam na sulale ƙasa da shi a hankali, muka cushe a bakin ƙofar, kansa da ƙirjinsa a waje, ƙafafunsa a ciki, ni a ƙarƙashinsa rabi. Tawul ɗin da na yafa masa ya zame ya faɗa cikin ruwa. Na yi ƙoƙarin miƙewa, na kasa. Na yi ƙoƙarin jan sa, ƙugunsa ya tokare da ƙarfe.

"Kai, lafiya?" ya ce.

"Bayana ne, Baba. Bari ya sake ni."

Muka jira. Bai sake ni ba. Siminti yana da sanyi, jikinsa ya fara rawa, ina jin haƙoransa suna haɗuwa. Wayata tana ɗaki. Babu kowa a gidan sai matata a kicin, ina jin ƙarar kwanuka. Ya san abin da nake tunani, domin ya ce a hankali, "Kada ka kira ta." Na ƙara jira. Da na ga leɓunansa sun sauya launi, na kira ta.

Ta fito da gudu, ta gan mu, ta tsaya cak, ta juya baya. Ta koma ciki ta ɗauko babban zane. Ta matso tana tafiya a karkace, fuskarta a gefe, ta lulluɓe shi tun daga wuya har gwiwa. Ta ce, "Sannu, Baba. Ka gafarce ni." Sannan ta sa hannuwanta a hammatarsa ta ja. Ban san tana da wannan ƙarfin ba. Ta fitar da shi daga kaina, ta jingina shi da bango, ta matso da keken, ni kuma na rarrafo na tura ƙafafunsa, har muka ɗora shi. Ita ta tura shi ɗaki, ita ta ɗauko masa riga ta ajiye a gefen gado, ta fita ta ja ƙyaure. Tun da ta fito har ta koma, idonsa a rufe yake. Na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa mai rai, na yi kamar ban gani ba.

Ranar bai ci abinci ba. Ni ina kwance a tabarma a ƙasan gadonsa, ba na iya juyawa, shi yana sama yana fuskantar bango. Mun yi azahar kowa a kwance. Matata ta aiko da kunu ya huce a inda aka ajiye shi. Na so in ce masa babu abin da ta gani, na so in ce 'yarsa ce, amma duk abin da na shirya a raina, in ya zo baki sai in ji zai ƙara ɓata lamarin.

Bayan la'asar ya yi gyaran murya.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Maginin nan yana gari?"

"Yana nan."

"Ce masa ya zo ya buɗa ta. Ya yi ta da faɗi sosai, kada a zo ana sakewa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka kuma gaya wa ƙanenka, gonar fadama ya nemi wanda zai noma ta baɗi. Kada ya jira ni."

Na ce, "Baba, ai jikin yana..."

"Ka ji abin da na ce."

Na ce, "To, Baba."

Shekaru ina jiran ranar da za a ce in fasa ƙofar nan. Na lallaɓa na miƙe ina dafa bango, na fita tsakar gida da waya a hannu, na daɗe ina kallon lambar maginin, ina fata ba za ta shiga ba. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali da yara, sannan ya ce, "Ya jikin Baba?"

Na ce da sauƙi, kamar yadda ake cewa. Sannan na ce gobe da safe ya zo da guduma.